Launin Ƙasa da Tarihin Shimfiɗunta a Birnin Kudu da Gwaram

Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, wadda ta mamaye kudancin Jihar Jigawa har ta yi iyaka da Jihar Bauchi, tana zaune ne a mahaɗar wurare biyu da asalinsu ya sha bamban. Ta kudu da yamma akwai tsohon dutse mai tauri, wanda yake leƙowa sarari a matsayin falale da tsaunuka, ta arewa maso gabas kuwa wannan dutse yana nutsewa sannu a hankali ƙarƙashin yashi da laka waɗanda ruwa da iska suka tara a kwarin Chadi. Wanda yake son sanin yadda wannan ƙasa ta kasance a zamanin da babu marubuci ba shi da madogara sai shimfiɗun ƙasar kanta, wato kason ƙasa ko na dutse iri ɗaya da ya kwanta a kan wani iri dabam, kowanne da kaurinsa da laushinsa da launinsa. Launi shi ne abin da ido yake fara kamawa, shi ne kuma abin da masu haƙar rijiya da magina da manoman fadama suka daɗe suna aiki da shi tun kafin masana ilimin duwatsu su iso yankin da taswira da guduma.

Mafi tsufan duwatsun yankin su ne na harsashin nahiyar, waɗanda zafi da matsi suka narkar suka kuma murɗe a wani babban motsin ƙasa da ya auku kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Bayan wannan da daɗewa wani narkakken dutse ya sake kutsowa daga ƙasa, ya yi aman wuta a sama, ragowarsa ta daskare a ciki, kuma saiwar waɗannan tsaunukan wuta ce ake gani a yau a Dutse da Birnin Kudu da Shira, da kuma Kila da Fagam a ƙasar Gwaram. J. D. Falconer, wanda ya wallafa littafinsa kan duwatsun Arewacin Nijeriya a 1911, shi ne ya bambance wannan sabon dutse, wato sabon giranit, da tsohon, kuma awon da aka yi daga baya ya nuna cewa jerin waɗannan tsaunuka yana raguwa a shekaru daga arewa zuwa kudu, daga kimanin miliyan 213 a Dutse zuwa miliyan 141 a Afu ta Jihar Nasarawa. Irin wannan dutse ba shi da shimfiɗu, domin daskarewa ya yi ba kwanciya ba, saboda haka launinsa ba ya ba da labarin kogi ko tafki, iyakarsa ya nuna ma'adinan da suka haɗu a jikinsa. Lokacin da teku ta ratso kwarin Gongola kimanin shekara miliyan 90 da suka shige, ta bar baƙar laka mai tauri a Fika da dutsen siminti mai cike da ƙwanson halittun ruwa a Ashaka, amma ba ta bar komai a Birnin Kudu ba, ko dai domin wurin tudu ne da ruwan bai hau ba, ko kuma domin zaizaya ta share abin da ya kwanta.

Kusan duk launukan da ake gani a ƙasar yankin suna komawa ne ga abu biyu, ƙarfe da ragowar tsirrai, da kuma yadda iska da ruwa suka yi da su. Idan ƙarfen da ke cikin ƙasa ya sami iskar oksijin sai ya yi tsatsa, kamar dai fartanyar da aka manta a gona ta kwana cikin raɓa, kuma tsatsar iri biyu ce: akwai hematait, mai ba da ja, wanda yake samuwa inda ake da zafi kuma ƙasa take tsanewa ta bushe, akwai kuma gotait, mai ba da rawaya da ruwan ƙasa, wanda ya fi son wurin da danshi yake daɗewa. Ɗan kaɗan daga hematait ya isa ya rina yashi gaba ɗaya, domin lulluɓe kowace ƙwaya yake yi da siririn ɓawo. Inda ruwa ya kwanta ya hana iska shiga kuwa, ƙwayoyin halitta masu cin ruɓaɓɓen ganye sukan ƙwace oksijin daga jikin tsatsar, ƙarfen ya narke ya bi ruwa, ƙasar ta koma ruwan toka ko ta yi tsanwa-tsanwa. Baƙi yawanci daga ragowar ciyawa da ganye ne waɗanda ba su gama ruɓewa ba, fari kuwa alama ce ta cewa an wanke ƙarfen ƙaf, ba abin da ya saura sai farar laka da ƙwayar yashi.

Ba wanda ya san jerin waɗannan launuka a aikace kamar masu haƙar rijiya, waɗanda sana'arsu ta daɗe a garuruwan yankin, musamman a ƙarni na 19 lokacin da hare-haren Ningawa suka matsa wa kudu maso gabashin ƙasar Kano, har ya zama dole gari mai ganuwa ya sami ruwansa a ciki, ya kuma haƙi ƙasar ginin ganuwar daga kududdufan da ke gefensa. Mahaƙi yana sauka da dagi da gajeriyar diga, abokan aikinsa suna jawo ƙasa da igiya da guga suna zubarwa a gefe, yana lissafin zurfi da gaba, wato tsawon hannu biyu a miƙe. A kan tudu abin da yake fara fitowa shi ne ƙasar noma mai yashi-yashi, wadda ba ta da kauri, sai jar ƙasa mai tsakuwa, sai marmara, wadda take cin bakin dagi kuma takan tsayar da aiki kwana da kwanaki. Idan an fasa marmara sai a faɗa wata laka mai dabbare-dabbare, ja da rawaya da fari a cakuɗe, daga ita sai farar ƙasa mai santsi a tsakanin yatsu, daga nan kuma sai ruɓaɓɓen dutse, wanda a ido dutse ne sosai, da zanensa da walƙiyar ma'adinansa, amma yana marmashewa idan an matsa shi a tafin hannu. A nan ne mahaƙi yake fara jin sanyi a ƙafarsa, yana cewa ƙasa ta yi gumi, domin ruwan irin wannan wuri yana taruwa ne a ƙasan ruɓaɓɓen dutsen da kuma cikin tsagogin lafiyayyen dutsen da ke ƙarƙashinsa. Tulin ƙasar da ke bakin sabuwar rijiya yana ɗauke da wannan jeri a juye, jar a ƙasa, farar da mai walƙiyar a sama, ta yadda gwani zai iya duban tulin daga nesa ya faɗi ko masu aikin sun kusa cim ma ruwa.

A nan ne ya kamata mai karanta launi ya yi hattara, domin wannan jeri na ja da dabbare-dabbare da fari, duk da kamanninsa da shimfiɗu, ba ruwa ne ya kwaso shi daga wani wuri ya jibge ba. Dutsen ne ya ruɓe a inda yake, daga sama zuwa ƙasa, cikin miliyoyin shekaru na zafi da ruwan sama. Felsfa, wato ma'adinin da ke ba giranit launinsa na fari ko ja-ja, shi ne yake rikiɗewa ya zama farar laka da ake kira kawolin, ƙarfen da ya narke daga baƙaƙen ma'adinai kuma yana taruwa a daidai inda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake hawa da damina ya sauka da rani, ya daskare ya zama marmara. Ƙa'idar da Nicolas Steno ya kafa a 1669, cewa shimfiɗar da ke ƙasa ta girmi wadda ke samanta, ba ta aiki a irin wannan rami, domin ruɓewar da ke can ƙasa ita ce mafi sabunta. Kaurin abin kuma ba ɗaya ba ne: wani wuri dutse yana kusa har a ci karo da shi a gaba biyu, wani wuri a haura mita 30 ba a taɓa shi ba, abin da ya sa rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya sukan sha bamban, ɗaya ta riƙe ruwa har bazara, ɗaya ta ƙafe tun kaka. Shi kansa kaurin marmarar hujja ce cewa yankin ya taɓa zama cikin yanayi mai ruwan sama fiye da na yanzu, kuma na tsawon lokaci, domin damina ta wata huɗu ko biyar da ake samu a yau ba ta isa ta yi wannan aiki da sauri ba. Mutanen wurin sun ci moriyar kowane kaso: jar ƙasa ta gini, farar ƙasa ta shafen ɗaki, marmara ta cikon hanya, kuma daga irin wannan tarin ƙarfe ne maƙeran ƙasar Hausa suka riƙa samun tama kafin ƙarfen Turawa ya kashe aikin narkarwa.

Shimfiɗu na haƙiƙa, waɗanda ruwa ya ɗauko ya ajiye, suna farawa ne idan aka nufi gabas daga Gwaram zuwa Darazo, inda ake shiga wani kason dutsen yashi da masana suka sa wa sunan Kare-Kare, mai kimanin shekara miliyan 60. Yashinsa ja ne ko ruwan ƙasa, tsakaninsa akwai farar laka wadda ake haƙa a Alkaleri, kuma rashin ƙwanson halittun teku da yanayin kwanciyar yashin sun nuna cewa koguna da tafkuna ne suka tara shi, daga ruɓaɓɓen dutsen tudun da ke kewaye. Da daɗewa masana da dama suna ɗaukar jan dutsen yashi a matsayin tabbacin hamada, wasu kuma suna ɗaukarsa tabbacin kurmi mai jar ƙasa, har sai da T. R. Walker ya nuna a 1967, daga binciken da ya yi a hamadar arewa maso yammacin Meziko, cewa yashi yana iya kwanciya ba ja ba, sa'an nan ya rine a hankali bayan an binne shi, yayin da ma'adinan ƙarfen cikinsa suke lalacewa. Abin da ja yake tabbatarwa kawai shi ne cewa iska ta sami shiga, ko a lokacin kwanciyar ko bayanta. Saboda haka ba a yanke hukunci da launi shi kaɗai, sai an haɗa da girman ƙwayar yashi, da karkatar zanen da igiyar ruwa ta bari, da ƙurar furannin da ta maƙale a laka, wadda ita ce ma ta taimaka wajen gane shekarun wannan kaso.

Ta arewa maso gabas kuma, wajen Jahun da Kafin Hausa da Haɗeja, abin da ke kwance a kan tsohon dutse shi ne shimfiɗun Chadi, waɗanda suka taru cikin 'yan miliyoyin shekarun baya-bayan nan, sirara a bakin kwarin, masu kaurin ɗaruruwan mitoci kusa da tafkin Chadi. Neman ruwa ne ya sa aka san su. Hukumar binciken duwatsu ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1919, ta shiga aikin ginin rijiyoyi a lardunan Arewa tun ƙarshen shekarun 1920, kuma daga bayanan waɗannan rijiyoyi ne Raeburn da Jones suka fitar da rahotonsu kan kwarin Chadi a 1934, kafin Barber da Jones su bayyana a 1960 cewa a yankin Maiduguri ruwan yana kwance hawa uku, kowane hawa na yashi laka ta raba shi da na ƙasansa. Lakar nan mafi yawanta ruwan toka ce ko mai tsanwa-tsanwa, alamar ta kwanta a ƙasan tafki inda iska ba ta kai ba, yashin kuwa fari ne ko rawaya, na bakin kogi da gaɓar ruwa, kuma yadda suke musanyar wuri hawa bayan hawa shi ne tarihin cikar tafkin da janyewarsa.

A saman wannan duka akwai jigayin yashi masu tsawo, waɗanda suka miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, daidai da hanyar iskar hunturu, kuma A. T. Grove ya bayyana su a 1958 a matsayin ragowar tsohuwar hamada da ta taɓa rufe wani sashe na ƙasar Hausa. Ana danganta irin wannan fari da lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin duniya, kimanin shekara 20,000 da suka wuce. Yashin jigayin ya yi ja-ja ne bayan ya daina tafiya, da ciyawa ta kama shi ruwan sama ya fara ratsa shi, shi ya sa tsohuwar jigawa ta fi sabuwa ja, kuma lakar da ke kwarin da ke tsakanin jigawa biyu take baƙa. Bayan farin sai ruwa ya dawo, har tafkin Chadi ya kai faɗin da ya haura murabba'in kilomita 300,000 kimanin shekara 7,000 da suka shige, ya bar gaɓarsa a tudun yashin da ya bi ta Bama da Maiduguri, mai tsayin kimanin mita 320 daga matakin teku. Tafkin bai kai Birnin Kudu ba, amma kogunan da suka ciyar da shi ta nan wasunsu suka bi. A Dufuna ta Jihar Yobe, wani makiyayi da ke haƙar rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwale a zurfin kimanin mita 5, wanda masana daga jami'o'in Maiduguri da Farankfot suka tono a 1994, aka kuma auna shekarunsa kimanin 8,000. Abin da ya hana itacen ruɓewa shi ne abin da yake mai da laka ruwan toka, wato jiƙewa ba yankewa da rashin iska.

Ana iya ganin wannan aiki yana gudana a yau a fadamun kogin Bunga, wanda ya taso daga tsaunukan Jos ya ratsa ƙasar Gwaram, sa'an nan ya ci gaba da sunan kogin Jama'are har ya haɗu da na Haɗeja. Da rani, inda ruwa ya yanki gaɓa ya bar ta a tsaye, ana ganin farin yashi mai kaushi wanda ambaliya ta zubar cikin kwana ɗaya ko biyu, a samansa siririyar baƙar laka wadda ta kwanta bayan ruwan ya lafa, sai kuma wani yashin, haka dai har sama. Idan aka ɓantari lakar fadama aka raba ta biyu, jikinta ruwan toka ne, amma ko'ina saiwar ciyawa ta bi akwai siririn zare mai launin tsatsa, domin ta wannan kafa ce kaɗai iska ta samu ta shiga. Masana ƙasa suna karanta wannan dabbare-dabbare a matsayin iyakar hawa da saukar ruwa, manomin fadama kuma da shi yake sanin inda shinkafa za ta yi da inda rake ko albasa za su fi dacewa, da kuma zurfin da zai haƙa ya sami ruwan ban-ruwa. Sai dai ba duk abin da ke saman ƙasar ne ya fito daga dutsen wurin ko daga kogi ba, domin kowane hunturu yana sauke farar ƙura wadda mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, wato daga busasshen ƙasan wancan tsohon tafki.

Jan ƙarfen nan ya shiga tarihin mutane ta wata hanyar kuma. A kogunan dutse da ke kewaye da Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, akwai zanen shanu a jikin giranit, akasarinsu da jan launi, waɗanda Bernard Fagg ya bincika a tsakiyar shekarun 1950, a nan ne kuma ya lura a 1955 da duwatsun da ake bugawa su yi amo kamar ƙararrawa. Shanun da aka zana ba su da tozo, wasu masu dogon ƙaho wasu masu gajere, saɓanin bunaji da rahaji da Fulanin yankin suke kiwo a yau, abin da ke nuna cewa zanen ya fito daga zamanin da irin dabbar da ke ƙasar dabam ce. Jan da ake irin wannan zane da shi a sassan Afirka daga dutse mai hematait ake niƙa shi, kuma dalilin daɗewarsa shi ne cewa tsatsa ta riga ta gama sha'aninta da iska, rana ba ta kuma koɗar da ita kamar yadda take koɗar da rinin tsirrai. Wannan ƙarko ne kuma ya sa awon shekarun zanen yake da wuya, domin awon shekaru ta hanyar kabon yana bukatar ragowar abu mai rai, jan dutse kuwa ba shi da ita.

Matsalar da ta daɗe tana damun masu rubuta bayanin rijiya ita ce cewa abin da wani ya kira ja wani zai kira shi ruwan ƙasa, kuma laka ɗaya tana sauya kama tsakanin jiƙonta da bushewarta. Maganin ya zo daga wajen fagen, daga Albert Munsell, mai zane ɗan Amurka, wanda ya fito da tsarin auna launi a 1905, ya kasa shi gida uku: jinsin launin, da haskensa ko duhunsa, da ƙarfinsa ko dishi-dishinsa. A Amurka an fitar da jadawalin launin duwatsu a kan wannan tsari a 1948, masana ƙasar noma ma suka bi, ta yadda mai bincike zai ɗora ɓarɓashin ƙasa kusa da ƙananan katuna masu launi, ya rubuta lambar wanda ya dace, ya kuma faɗi ko a jiƙe ya auna ko a bushe. Tun daga shekarun 1980, lokacin da hukumar raya karkara ta tsohuwar Jihar Kano ta baza rijiyoyin burtsatse masu famfon tuƙa-tuƙa a ƙauyuka, aikin da ya ci gaba bayan ƙirƙiro Jigawa a 1991, yawan ramukan da aka huda a yankin ya ƙaru ƙwarai, amma abin da ido yake gani ya ragu. Injin yana niƙe dutse ne ya turo shi sama gari, a cakuɗe da ruwan haƙa ko da iska mai ƙarfi, ma'aikaci yana tarar samfur lokaci-lokaci yana jera shi tsibi-tsibi a ƙasa, ta yadda siririyar shimfiɗa mai kaurin tafin hannu, wadda mahaƙin gargajiya zai gani a bangon rami ya kuma taɓa ta da yatsa, takan ɓace cikin tsibin da ke gabanta da wanda ke bayanta.